Gwajin Hannu Ya Nuna Abu, Hoto Ya Nuna Wani: Wanne Za a Gaskata?

Tambaya: Wani matashin ma'aikacin gashin ƙashi da ke shekarar horonsa a asibiti ya aiko yana cewa an koya musu gwaje-gwajen hannu masu yawa na baya da wuya da kafaɗa da gwiwa, amma sau da yawa yakan ɗaga ƙafar mai ciwon baya ya ga alamar matsewar jijiya, hoton MRI ya fito bai nuna komai ba, wani kuma hotonsa ya nuna faifan baya, wato ɗan matashin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya turo alhali gwaji bai nuna komai ba. Bugu da ƙari, shi da babbansa a wurin aiki sukan lalubi baya ɗaya kowa ya ji abu daban. Yana so ya san iya gwargwadon yardar da ta kamata a ba waɗannan gwaje-gwaje.

Amsa: Ƙanina, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma ba rashin ƙwarewarka ba ne ya jawo shi. Gwajin hannu ba ya yanke hukunci a kan cuta. Iyakar aikinsa shi ne ya ƙara wa zaton da ka riga ka ƙulla nauyi ko ya rage masa, kuma kowane gwaji yana da iyakar nauyin da zai iya ƙarawa. Saboda haka kafin ka ɗora hannu a jikin majiyyaci akwai abubuwa biyu da ya kamata su kasance a ranka: yaya ƙarfin zatona yake yanzu daga labarin da na ji, kuma nawa wannan gwaji zai iya motsa shi. Wanda bai da amsar ta farko, sakamakon gwaji ba zai amfane shi ba ko da gwajin ya fi kowane kyau.

Masu bincike suna auna gwaji da ma'auni biyu. Na farko ƙarfin kamawa, wato cikin mutum 100 da suke da cutar da gaske, nawa ne gwajin zai nuna suna da ita. Na biyu ƙarfin wankewa, wato cikin mutum 100 da ba su da ita, nawa ne gwajin zai nuna babu. Gwaji mai yawan kamawa amma marar wankewa kamar taru ne mai ƙananan ido, ba ya barin kifi ya wuce, amma yana kwaso kwaɗi da ciyawa tare da kifin.

Mu ɗauki gwajin da ka ambata, na ɗaga ƙafa a miƙe majiyyaci yana kwance rigingine, wanda ake dangantawa da Lasègue, likitan Faransa. A 2010 ƙungiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kansa, ƙarƙashin jagorancin van der Windt, aka samu cewa a cikin mutanen da aka kai ga yi wa tiyata ƙarfin kamawarsa ya kai kashi 92 cikin 100, amma ƙarfin wankewarsa bai wuce kashi 28 ba. Bari mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. A ce mutum 100 sun zo maka da ciwon baya mai sauka ƙafa, kuma 30 daga cikinsu faifai ne ya danne musu jijiya. Gwajin zai kama kusan 28 daga cikin 30 ɗin nan. Amma cikin sauran 70 da ba su da wannan matsala, zai nuna akwai a jikin kusan 50. Ka ga mutum 78 ke nan gwaji ya nuna, alhali 28 ne kawai masu cutar, wato kashi 36 cikin 100. Ka fara da zato na kashi 30, ka ƙare da 36, gwajin bai kai ka ko'ina ba. Idan kuwa ya nuna babu, labarin ya bambanta, domin cikin mutum 22 da ya wanke, kusan biyu ne kaɗai ya kuskure. Amfanin wannan gwaji yana wajen rage zato ne, kuma duk wanda ya dogara da shi kaɗai ya ce wa majiyyaci faifansa ya zame, ya ɗora wa gwajin kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ɗan'uwansa, wato ɗaga lafiyayyar ƙafa ciwo ya taso a ƙafar da ke ciwo, kishiyarsa ne: kamawa kashi 28, wankewa kashi 90. Ba kasafai yake nunawa ba, amma idan ya nuna, zaton kashi 30 yana haurawa zuwa sama da rabi.

Akwai kuma batun abin da muke kira “ya nuna”. Yawancin matasan da nake koyarwa sukan rubuta cewa gwajin ya nuna da zarar majiyyaci ya yamutsa fuska. Jan naman bayan cinya ba alama ba ce, ciwon da ya tsaya a baya ma ba ita ba ce. Abin da ake nema shi ne ainihin zogin da ya kawo shi asibiti ya taso ya gangara ƙasa da gwiwa, galibi tsakanin digiri 30 da 70, sannan idan ka sauke ƙafar kaɗan har ya lafa, ka tanƙwaro tafin ƙafa sama, ya sake tasowa. Ka tambaye shi da baki: “Baba, wannan shi ne irin zogin da yake hana ka barci, ko wani ne daban?” Amsar da zai ba ka ita ce sakamakon gwajin.

Domin sauƙaƙa lissafi, ana haɗa ma'aunan biyu a fitar da lamba ɗaya da zan kira ma'aunin rinjaye. Ana samunsa ne idan an raba yawan nunawar gwaji a jikin masu cutar da yawan nunawarsa a jikin marasa ita. Jaeschke da Guyatt da Sackett na Jami'ar McMaster a Kanada sun tsara a 1994 cewa lambar da ta wuce 10, ko ta gaza 0.1, tana sauya zato sosai, tsakanin 5 da 10 matsakaicin sauyi ne, tsakanin 2 da 5 ƙarami ne, abin da ke tsakanin 1 da 2 kuwa da wuya ya yi tasiri. Steven McGee ya ƙara sauƙaƙawa a 2002: lamba 2 tana ƙara wa zato kusan maki 15 cikin 100, 5 tana ƙara 30, 10 tana ƙara 45. Gwajin ɗaga ƙafa lambarsa 1.3 ce idan ya nuna akwai. Wannan ya ishe ka amsar rabin tambayarka.

Kada wannan ya sa ka raina gwajin hannu baki ɗaya, domin akwai masu ƙarfi. Gwajin Lachman na tsinkewar igiyar gaba ta cikin gwiwa, wanda Joseph Torg ya bayyana a 1976 ya sa masa sunan malaminsa, yana cikinsu. Benjaminse da abokan aikinta sun samu a 2006 cewa kamawarsa kashi 85 ce, wankewarsa kashi 94, wato rinjayensa kusan 14. Ana lanƙwasa gwiwa digiri 20 zuwa 30, hannu ɗaya ya riƙe cinya daga sama da gwiwa, ɗayan ya kama ƙwauri daga ƙasa ya jawo shi gaba da hanzari. A lafiyayyar gwiwa za ka ji ƙwaurin ya zo ya tsaya cak kamar an taka birki, a wadda igiyarta ta tsinke kuwa yana zuwa ya ƙare laƙwas ba tare da wannan tsayawar ba. Dole ka fara da lafiyayyar gwiwar domin ka san yadda jikin wannan mutum yake, kuma dole naman bayan cinya ya saki, domin majiyyacin da ya ƙanƙame jiki don tsoro zai ɓoye maka tsinkewar. Idan cinyar ta fi ƙarfin hannunka, ka sa gwiwarka a ƙarƙashinta ka danne ta daga sama.

Duk da ƙarfin nan nasa, dubi yadda ma'anarsa take sauyawa. Ɗan ƙwallon da ya juya a kan ƙafa ɗaya, ya ji ƙara a cikin gwiwa, ta kumbura cikin awa biyu, ya kasa ci gaba da wasa, zatonka a kansa ya kai rabi ko fiye, kuma idan gwajin ya nuna akwai ka haura kashi 90. Amma a ce ka yi wa mutum 1,000 masu ciwon gwiwa na yau da kullum wannan gwaji, 20 kaɗai ke da tsinkewar. Zai kama 17, ya kuma nuna akwai a jikin kusan 59 da ba su da komai, wato kashi 22 ne kawai na waɗanda ya nuna suke da ita. Hannu ɗaya ne, gwaji ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wanda ke kwance a kan gadon. Wannan shi ne lissafin da ake dangantawa da Thomas Bayes, wanda aka wallafa a 1763 bayan rasuwarsa, kuma shi ya sa nake hana ɗalibai jero gwaji goma sha a kan kowace gaɓa don kawai an koya musu. Duk gwajin da ka ƙara ba tare da dalili ba, ka ƙara damar samun sakamakon ƙarya ne.

Sai kuma a tambayi inda alƙaluman suka fito. Lijmer da abokansa sun nuna a 1999 cewa binciken da ya gwada masu cuta ƙarara da lafiyayyun mutane yana kambama ingancin gwaji kusan ninki uku, domin raba mai tsananin cuta da mai cikakkiyar lafiya ba wuya, wahalar tana wajen raba masu ciwo iri biyu da suka yi kama. Haka nan binciken farko yakan fito da lambobi masu daɗin ji waɗanda na baya ba su cika tabbatarwa ba. Misali, Wainner ya haɗa gwaji huɗu a 2003 don gane matsewar jijiyar wuya, ya samu rinjaye na 30 idan duka huɗun sun nuna, amma mutum 82 ne kawai a binciken, kuma kaɗan ne cikinsu huɗun suka haɗu a jikinsu. Haɗin yana da amfani, ni ma ina aiki da shi, sai dai ban ɗauki lambar 30 ɗin nan a matsayin abin da aka gama tabbatarwa ba.

Yanzu ga hoto. Mutanenmu suna cewa gani ya kori ji, kuma majiyyacin da ya kashe kuɗi masu yawa ya yi MRI ba ya son jin cewa hoton ba shi ne ƙarshen magana ba. Amma a 1994 Jensen da abokan aikinta sun ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka ga kashi 52 faifansu ya kumburo a wuri ɗaya aƙalla, kashi 27 ya turo, kashi 36 kaɗai ne faifansu duka suke daidai. Brinjikji ya tattara irin wannan bincike a 2015, ya samu cewa a cikin marasa ciwo, alamun tsufan faifai suna bayyana a jikin kashi 37 na 'yan shekara 20, su kai kashi 96 a 'yan shekara 80. Don haka wanda hotonsa ya nuna faifai ya turo amma gwajinka bai nuna komai ba, mai yiwuwa gwajinka ne ya yi daidai, turowar ta daɗe a wurin ba ta taɓa komai ba. Hoto yana da ƙima ne idan ya dace da labari da jiki: faifan ya turo a ɓangaren da ke ciwo, a matakin da ya dace da inda mijiryar take bi, da tsokar da ta raunana, da raguwar zaburar da ƙafa ke yi idan an bugi agara. Wanda kuma gwaji ya nuna amma hoto bai nuna ba, ka tuna jijiya tana iya hasala saboda kumburi ba tare da an ga abin da ya danne ta ba, kuma hoton a kwance ake ɗaukarsa alhali ciwon a zaune ko a tsaye yake tasowa.

Game da saɓaninku da babbanka, wannan wani ma'auni ne daban, wato daidaiton sakamako tsakanin masu gwaji biyu. Ana auna shi da lambar kappa da Jacob Cohen ya fito da ita a 1960, wadda take cire daidaiton da ke faruwa bisa dace kawai. Bitar da Seffinger ya jagoranta a 2004, da wadda Stochkendahl ta jagoranta a 2006, sun tsaya a kan abu ɗaya: laluben motsin gaɓoɓin ƙashin baya da yatsa, a ce wannan ta ƙage wannan ta saki, ba ya daidaita sosai tsakanin mutum biyu, kuma yawan shekarun aiki bai gyara matsalar ba. Abin da ya fi daidaita shi ne gwajin tayar da ciwo, inda kake dannawa majiyyaci ya gaya maka ko nan ne. Gwajin da mutum biyu ba za su iya haɗuwa a kan sakamakonsa ba, ba zai yiwu ya zama tushen sanya wa cuta suna ba. Ina faɗin haka da girmamawa ga manyanmu masu hannu mai kyau, domin hannunsu yana warkarwa, amma bayanin da aka gada na cewa ƙashi ya goce an mayar da shi bai samu goyon bayan bincike ba.

Shi ya sa a mahaɗar ƙashin ƙugu da gindin baya aka koma ga haɗin gwaje-gwajen tayar da ciwo na Mark Laslett, ɗan ƙasar Niyuzilan, wanda ya nuna a 2005 cewa idan uku ko fiye cikin shida sun tayar da ciwon, kamawa ta kai kashi 94, wankewa kashi 78, bisa gwadawa da allurar kashe ciwo a cikin mahaɗar. A kafaɗa kuwa gwajin Neer da na Hawkins da Kennedy, na gane matsewar agarar kafaɗa, bisa bitar Hegedus ta 2012, suna kama kashi 70 da wani abu, suna wanke kusan 60, wato kowannensu shi kaɗai rinjayensa bai kai 2 ba.

Tunda nauyin duka yana kan zaton farko, daga ina ake samo shi? Daga labari, da kuma sanin cututtukan da suka yi yawa a inda kake aiki. A nan ne nake so ka fi natsuwa, domin yawancin alƙaluman da muke karantawa daga Turai da Amurka da Ostareliya suka fito. A birnin Sidni, binciken Henschke da aka wallafa a 2009 ya bi mutum 1,172 masu sabon ciwon baya, 11 kaɗai aka samu da babbar cuta, ƙasa da kashi 1, alhali kashi 80 suna da aƙalla ɗaya daga cikin alamun haɗari da aka lissafa. Darasin da aka ɗauka shi ne alama ɗaya tak ba ta isa tayar da hankali ba, kuma gaskiya ne. Amma wanda ke aiki a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba zai ɗauki wannan kashi 1 ya ɗora wa majiyyatansa ba. Najeriya tana cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin mafiya fama da tarin fuka, kuma kusan rabin tibin da ke kama ƙashi da gaɓoɓi a ƙashin baya yake sauka, galibi daga tsakiyar baya zuwa mahaɗarsa da tsatso. Saurayin da ya yi wata uku da ciwon baya mai ƙaruwa a hankali, wanda kwanciya ba ta sauƙaƙa masa, ya rame, yana gumin dare, yana tafiya a sandare yana dafa cinya idan zai tashi, kuma ƙwanƙwasa ƙashi ɗaya a tsakiyar bayansa ta sa ya zabura, wannan ba na murzawa ba ne balle na murɗa baya da ƙarfi. Ba lallai ya yi tari ba, ba lallai ya yi zazzaɓi ba, kuma hoton ƙashi na farko yana iya fitowa lafiya. Idan aka jira har doro ya fito ko ƙafafu suka fara nauyi, an makara. A tura shi wurin likitan ƙashi tun zato yana zato.

Haka nan sikila, wadda Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu ita. Matashi mai sikila da ya zo da ciwon matsematsi, ko ma ciwon gwiwa kawai, yana ɗingishi, kuma juya cinyarsa ciki ya ragu, mutuwar kan ƙashin cinya ce farkon abin zargi har sai an tabbatar babu. Da yawa kuma sai sun biya ta wurin masu ɗori kafin su zo, don haka ka tambaya cikin ladabi, ba tare da zargi ba, me aka riga aka yi, domin tsagewar ƙashin da aka ɗaure ko gaɓar da aka ja tana sauya fassarar duk abin da hannunka zai ji.

Idan abin da kake tsoro babba ne, gwaji mai ƙarfin kamawa kake buƙata, wanda idan ya ce babu za ka iya natsuwa. Ƙa'idojin Otawa na idon sawu, waɗanda Ian Stiell ya fitar a 1992, misali ne mai kyau: ka taɓa gefen baya na ƙasusuwan idon sawu biyu da wasu wurare biyu a tsakiyar ƙafa, ka ga ko zai iya taku huɗu, kuma bitar da aka yi a 2003 ta nuna da wuya su kuskure karaya, suna kuma rage hoton ƙashi da kashi 30 zuwa 40. Inda majiyyaci ke biya daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kishiyarsu shi ne tsohon gwajin juya wuya da ake yi kafin murɗa shi don a gane matsalar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa. Hutting da abokansa sun samu a 2013 cewa kamawarsa tana tsakanin sifili da kashi 57, wato idan ya nuna babu, bai ba ka wani tabbaci ba. Tsarin ƙungiyar masu gashin ƙashi da hannu ta duniya, IFOMPT, ya mayar da nauyin kan labari, da auna hawan jini, da duba jijiyoyin kai. Sabon ciwon kai ko na wuya wanda majiyyaci ya ce bai taɓa jin irinsa ba, tare da jiri ko gani bibbiyu ko harɗewar harshe, ya fi kowane gwajin juyawa faɗa maka gaskiya. A ciwon baya ma haka yake: riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, da mutuwar fata tsakanin cinyoyi, tambaya ce take fito da su, kuma kunya tana hana mutanenmu faɗa sai an tambaya kai tsaye. Mai wannan alama a ranar ake tura shi.

Elstein da abokansa sun nuna tun 1978 cewa likitoci suna ƙulla zato a mintocin farko na ganawa, sannan su shiga neman abin da zai tabbatar da shi. Wannan ba aibi ba ne, haka ƙwaƙwalwa take aiki, haɗarin yana wajen rufe ƙofa da wuri, musamman idan takardar turowa ta zo da sunan cuta a rubuce. Maganinsa a aikace shi ne ka rubuta zato uku a fayil kafin ka fara gwaji, wanda ya fi yiwuwa, da mai bi masa, da wanda ba za a yafe kuskurensa ba, sannan ka zaɓi kowane gwaji bisa tambayar da zai amsa. Ka kuma ɗauki ɗabi'ar Geoffrey Maitland, masanin gashin ƙashi ɗan Ostareliya, ta zaɓen alama ɗaya ko biyu da za a iya aunawa, kamar nisan sunkuyo ko tsawon zama kafin ciwo ya taso, ka sake auna su bayan kowane gashi da kuma a zuwa na gaba. Sai dai ka sani samun sauƙi ba ya tabbatar da sunan da ka ba cutar, domin mafi yawan ciwon baya, har da mai sauka ƙafa, yana lafawa da kansa cikin mako 6 zuwa 12. Rashin samun sauƙi a lokacin da ka yi tsammani shi ne ya fi zama hujja, kuma yana nufin ka koma kan labarin daga farko, ka sake tambayar ramewa da gumin dare da tarihin ciwon daji, ka sake gwada ƙarfin tsoka da jin taɓi, sannan ka yanke ko za ka ci gaba da gashi ko za ka mayar da shi wurin likita da takarda mai bayyana dalilinka.